Yadda Mai Gas Ya Kira Baba Cin Abinci

Ni mace ce mai mantuwa, ko maigidana zai ba da shaida. Na sha ɗora tukunya in tafi hira, sai ƙauri ya zo ya kira ni. Amma akwai abu ɗaya da nake jin ko tsufa ya kwashe min komai, shi zai rage maƙale a gindin zuciyata kamar ƙanzo: zuwan surukina Alƙahira neman magani, da yadda muka kusa kashe shi da yunwa saboda tsabar ladabi.

A shekarar 2012 ne. Muna zaune a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, a hawa na uku na wani dogon bene, maigidana yana karatun fiƙihu. Ni karatuna bai wuce firamare da 'yar Islamiyya ba, kuma ba ni da son fita. Mikrobas, ƙananan motocin hayar garin nan, tsoro suke ba ni, direba na tuƙi yana shan shayi yana faɗa da na baya. Gidana ya ishe ni duniya. Sai dai Allah Ya ba ni kunne. Ina cikin kicin nake sanin wanda ke hawa bene daga takunsa, kuma Larabcin Masar ɗin da nake ji, a tagar kicin na tsince shi, daga bakin matan da ke zagin juna wajen shanya.

Baba, mahaifin maigidana, ya haura tamanin lokacin. A garinsu shi ne ɗan boko na farko da ya yi nisa. Kowa ya san cewa yana cikin 'yan Arewa ƙalilan da suka shiga kwalejin jami'ar da Turawa suka buɗe a kudu tun kafin 'yancin kai, amma ba wanda ya taɓa jin labarin daga bakinsa. Mutum ne mai shiru, mai tsare gida. Maigidana kuma ɗan fari ne, to kun san abin. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, in za su yi magana kowa bango yake kallo. Tun rasuwar Hajiya, matarsa, tunanin Baba ya fara tafiya yana dawowa. Ga kuma ciwon mafitsara da aka ce sai an yi aiki. Ƙanin maigidana ya kawo shi, ya kwana biyu, ya koma bakin aikinsa.

Likitan da ya duba shi wani Bamisire ne mai ƙaton tumbi da fara'a. Ya ce aikin ba wuya, amma jikin tsohon ba ƙarfi, jininsa ya yi ƙasa. Ya ce a je a ciyar da shi ya murmure, in ba haka ba, shi kam ba zai sa masa wuƙa ba. Da maigidana ya faɗa min, har dariya na yi. Na ce, "In dai ciyarwa ce, Malam, ka je ka yi karatunka. An zo fagena."

Na fito da kukar da nake ɓoyo, da daddawa, da kuɓewa busasshiya da nake tattali kamar zinariya. Na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi. Na jera a tire, na yi sallama a ƙofar ɗakin da muka ware masa, na durƙusa na ajiye, na ce, "Baba, ga abinci." Ya ce, "An gode." Na ja masa ƙofa na fita, don wace suruka ce za ta tsaya tana kallon surukinta yana kai loma? Shi ma Malam ɗin, da ya ga an shiga da abinci sai ya sulale ya bar gidan ma gaba ɗaya, don Baba ya sake.

Ban kai kicin ba na ji an buɗe ƙofa, na ji ƙarar tire a kan tayil, an rufe. Na leƙo. Ga abincina a waje, ko murfin ba a ɗaga ba.

Na ce ko tuwon ne bai yi masa ba. Na yi fate. Na yi farfesun kaza. Na dama kunun gyaɗa. Na gwada na Masarawa, ful, wato dafaffen wakensu, da gurasarsu aish baladi mai zafi. Duk hanyarsu ɗaya: in ajiye, ya ce an gode, in fita, ya turo tiren waje da sauri. Ruwa kawai yake sha, sai ɗan shayi in an yi sa'a. Tsoho ya fara zubewa a gabanmu, hularsa ta yi masa yawa. Aka kai shi asibiti aka sa masa ruwa, ya fizge allurar. Likita ya daina fara'a. Ya ce ko dai a zura masa roba ta hanci a ɗaure masa hannu, ko mu mayar da shi gida ya cika cikin danginsa. Malam ya dawo ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Daga gida kuma waya ba ta tsayawa. Ƙanwar Malam ta ce min, "Wai me kuke ba shi ne a can?" Ba da mugunta ta faɗa ba, amma ranar na yi kuka a kan albasa har albasar ta ji kunya.

To, a Alƙahira akwai masu sayar da tukunyar gas, ambuba suke ce mata. Suna yawo da su a keke ko amalanke, ba sa kiran kowa da baki, sai dai su riƙa buga tukunyar da sifana, ƙwal-ƙwal-ƙwal, duk unguwa ta ji. A shekarar ana wahalar gas, saboda haka duk matar da ke gida kunnenta na kan wannan ƙarar. Ni ma haka. A nan ne na lura da wani abu. Duk lokacin da mai gas ya buga a ƙasa, sai in ji gadon Baba ya yi ƙara, in ji yana jan silifas, in ji ƙofarsa ta buɗe. Kiran salla yana tayar da shi, wannan na sani. Amma mai gas? Na fara leƙe ta labulen kicin. Sai in gan shi tsaye a lungun falo, ya ɓalle maɓallin rigarsa har wuya, yana shafa kafaɗunsa, yana duba bayan ƙofa, yana lalube a bango kamar mai neman ƙusa. In ƙarar ta yi nisa, sai ya sauke numfashi ya koma ciki.

Ranar da na kasa haƙuri, na ajiye kunya a kicin na fito. Na durƙusa daga nesa na ce, "Baba, me ake nema?"

Ya ce, "Rigata. An buga ƙararrawa, ga shi ban ga rigata ba. Ba a shiga ba riga."

Na ce, "Shiga ina, Baba?"

Ya dube ni, karo na farko ke nan da ya dube ni sosai tun aurena. Ya ce, "Zauren cin abinci mana. Ke sabuwa ce a nan?"

Na ce, "E, Baba. Sabuwa ce."

Ya ce, "To ki kiyaye. Ki daina kawo min abinci ɗaki. Za ki ja a kore ni, ke ma a kore ki."

Ashe Baba ba a Alƙahira yake ba. Dogon bene, ƙofofi a jere, samari na hawa da sauka da littattafai, ana yaren da ba nasa ba. Tunaninsa ya haɗa wannan da wancan, ya mayar da shi ɗan saurayi a kwaleji.

Daga ranar na canza wurin tsintar shinkafa. Sai in ɗauko faranti in zauna a bakin ƙofarsa, na ba shi gefe, kamar aikina nake yi. In jefa tambaya ɗaya in yi shiru. Mutumin da 'ya'yansa ba su taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba, ashe rumbu ne.

Ya ce da suka je, ba a ma gina kwalejin ba tukuna. A wasu tsofaffin ɗakunan katako da sojoji suka bari bayan yaƙi aka zuba su. In ana ruwa, malami na karatu ɗalibai na matsar da benci. Gara na cin littattafai, har mai kula da laburare yake sa ƙafafun kantocin littattafai a cikin gwangwanin kananzir. Ɗaliban ba su da yawa, kowa ya san tarin kowa. Malaman Turawa ne masu gajeren wando, wasu da kirki, wasu kuma suna kallonka kamar an ba su aronka. Jarrabawa daga Ingila take zuwa, can ake mayar da ita, sai ka gama ka zauna kana jira kamar mai jiran damina. Amma duk da rufin yana yoyo, in ji shi, ba a yarda a yi wasa da abincin dare ba. Za a buga ƙararrawa. Kowa ya sa baƙar riga mai faɗin hannu, a shiga zaure a tsaya a bayan kujeru. Shugaban masauki zai shigo, ya buga tebur, ya yi addu'arsu, ya zauna, sannan kowa ya zauna. "Su yi tasu," in ji Baba, "ni in yi bisimillata a ciki."

Ya ce ranar farko da yunwa ya kwana, don cokula ya gani a jere da wuƙa, bai san ta inda ake farawa ba, ga kunyar tambaya. Shi ne ya koma ɗaki yana cin dambun naman da mahaifiyarsa ta ƙulla masa. Kwana kaɗan tururuwa suka gano, suka bi ta cikin littattafan abokin ɗakinsa. Aka kai ƙara. Shugaban masauki ya kira shi ya ce in aka sake ganin abinci a ɗakinsa, jirgin ƙasan da ya kawo shi zai mayar da shi. Nan muryar Baba ta yi ƙasa. Ya ce ranar da zai taho, rabin gari ne suka raka shi tasha, wasu na cewa ya tafi ya zama kafiri. Mahaifinsa bai yi masa doguwar nasiha ba, ya riƙe hannunsa kawai ya ce, "Kada a koro ka."

Kun ji abin da yake turo tirena waje. Ba tuwona ba ne. Maganar mahaifinsa ce, ta fi shekara sittin tana zaune a cikinsa.

Wata rana kuma sai ya tashi da farin ciki, ya ce an kai su sabon fili. Daji ne, an fara sara, ana nuna musu da sanda: nan laburare, nan masaukin maza, nan asibiti, nan ma har masaukin mata. Suka yi ta dariya, don 'yan matan da ke cikinsu ba su cika benci ɗaya ba. Aka ba kowa ɗan itace ya dasa. Shi nasa ya dasa ta gabas, inda shi da 'yan uwansa Musulmi suke shimfiɗa buzu, don ba su da masallaci. Ya ce, "Ko ya kama, oho."

Da na tattara abin da na ji, na tari Malam bayan la'asar na zayyana masa. Ya ce, "Baba ne ya gaya miki duk wannan? Ke?" Na ce, "Ni ɗin dai. Kai in ka shiga ai gaisuwa kake yi ka fito kamar ana korarka." Ya ce, "To yanzu me kike so a yi?" Na ce, "A buga masa ƙararrawa, a ba shi riga, a kai shi zaure." Ya ce, "Ki mayar da mahaifina abin wasa?" Na ce, "Malam, ko wasa ko roba ta hanci. Zaɓi ɗaya." Bai amsa ba. A wurin Malam kuwa rashin amsa izini ne.

Na tsallaka ƙofar maƙwabciyata. Hajja muke ce mata, Bahausar Sudan ce, kakanninta sun taso aikin hajji a ƙafa suka tsaya a hanya. Ɗinki take yi, bakinta kuma ya fi kekenta gudu. Na kawo mata abayata baƙa, wadda na fi so, ta zuwa biki. Na kwatanta mata yadda Baba ya kwatanta min: a buɗe gaba, a tattare kafaɗa, hannu ya yi faɗi. Ta ɗaga abayar ta ce, "Ke, wannan mai tsada za a yanka? Wallahi surukina ko ɗankwali ba zan yanka masa ba, Allah Ya jiƙansa, bai cancanta ba." Tana faɗa tana sa almakashi.

Saura ɗalibai, don zaure ba ya zama zaure da mutum ɗaya. A samanmu akwai samari 'yan gida da suka haɗu suka kama shaƙƙa ɗaya, wato sashen haya, duk masu karatun addini, kullum ina aika musu da ragowar miya. Malam ya kira su ya yi musu bayani yana kallon ƙasa. Wani siriri mai gemu, ɗan Zariya, ya gyara zama ya ce, "Ustaz, afuwan, amma wannan ba yaudarar dattijo ba ce? Kuma ga kamanceceniya da al'adar Nasara." Wani ɗan Sakkwato, mai son ci, ya ce, "Kai akhi, a tara mu a yi bisimilla a ci abinci tare, wace Nasara? Ni ban ga bid'a a farfesun kaza ba." Aka yi dariya. Siririn bai yi ba. Ya ce shi zai zo, amma da sharaɗi: in Baba ya tambaye shi wani abu, ba zai yi masa ƙarya ba. Daga bayan labule na ce, "Ba wanda ya ce ka yi. Ka ci abinci kawai, ka ga ma kana bukata." Nan ya murmusa.

Washegari suka sauko da teburan karatunsu, muka jera a falo, na shimfiɗa farin zanen gado. Hajja ta kawo cokula da wuƙaƙe. Aka sa tebur ɗaya a gicciye daga sama, na shugaban masauki. Sai tambaya ta taso: wa zai zama shugaban? Duk suka juya suka kalli Malam, shi ne babba. Ya ce, "A'a. Ku nemi wani." Ɗan Sakkwaton ya ce, "Ustaz, in ni na zauna a can, ko Baba bai gane ba teburin zai gane." Dole ya karɓa.

Bayan magariba samarin suka shigo da baƙaƙen jabbobinsu na makaranta. Na rataye rigar Baba a bayan ƙofarsa, daidai inda yake lalube. Hajja ta jawo tukunyar gas ɗinta da ta ƙare zuwa kan matakala, ta aro sifana a wurin bawwab, mai gadin bene, ta zage ta fara bugu. Abin da ba mu yi tunani ba, sai ga ƙofofi na buɗewa daga sama har ƙasa. Matan Masarawa suka fito da tukwanensu, wata da kumfa a hannu, ana "Ambuba! Ambuba!" Hajja na bugu tana ce musu, "Ma'alish, ku yi haƙuri, ba gas ba ne, tsoho muke kira!" Wata ta zage ta, ta rama, ba ta daina bugun ba.

Ina kicin, ina jin duk wannan, amma kunnena na ɗakin Baba. Gado ya yi ƙara. Silifas. Shiru. Sai na ji ƙarar yadi, irin ta wanda ya zura hannu a riga. Ƙofa ta buɗe.

Ya fito a hankali yana dafa bango, abayata a kafaɗarsa, kuma wallahi ta yi masa kyau. Ya miƙe wuya kamar ba shi ba. Ya dubi teburan, ya dubi samarin a tsaye, ya gyaɗa kai, ya je bayan wata kujera can ƙasa, ta sababbin ɗalibai, ya dafa ta ya tsaya.

Malam ya shigo ya tsaya a nasa wurin. Sai ya ƙame. Ni na san abin da ke damunsa. Tun da aka haife shi bai taɓa zama mahaifinsa na tsaye ba. A gabansa ko kujera ba ya hawa, ƙasa yake zama. Yau ga Baba tsaye, ya sunkuyar da kai, yana jiran ɗansa ya zauna ya ba shi izinin ci. Ga ludayin da na ba shi na buga tebur a hannunsa, amma bai ɗaga ba. Kujerar da Baba ya dafa ta fara ƙara, alamar nauyinsa duk ya koma kanta.

Hajja, da ta shigo kicin tana haki, ta leƙa ta labule ta ce da ƙaramar murya, wadda duk da haka har ƙasan bene an ji, "Yalla ya Malam, zauna! Kunyarka za ta kayar da tsohon nan!"

Ya ɗaga ludayin ya buga. Ya ce, "Bismillahir Rahmanir Rahim." Ya zauna kamar wanda ya zauna a kan garwashi. Baba ya zauna. Kowa ya zauna.

Na saki labulen, don har a lokacin ban iya kallonsa yana ci ba. Na jingina da bango na kasa kunne. Romon kaza aka fara zubawa, haka ya ce suna farawa. Na ji cokulan samarin, masu sauri. Na jira. Ni na san ƙarar cokalin da ake wasa da shi a kwano, na san ta wanda ake ci da shi. Can na ji wani daban, a hankali, ya taɓa gindin kwano, ya tashi, ya dawo. Ya sake dawowa. Na toshe bakina da mayafi. Hajja ta rungume ni tana cewa, "Khalas, khalas, ya ci," ita ma tana sharar hanci.

Da aka kawo tuwo, siririn nan ɗan Zariya ya yi ta fama da cokali mai yatsu, ya gaji ya sa hannu. Na ji Baba ya ce masa, "Kai daga Arewa kake ko? Kada ka damu, ni ma haka na fara. Ka riƙe da dama abinka, za su saba." Yaron ya ce, "Na gode, Baba," kuma ba ƙarya a ciki.

Sai Baba ya ɗaga murya ya fuskanci teburin sama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, laburaren nan, yaushe za a gama shi?"

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "An gama. An daɗe da gamawa."

"Madalla. Ɗalibai sun ƙaru?"

"Ba sa ƙirguwa yanzu. Har a Arewa an buɗe jami'o'i, ko'ina."

"A Arewa?" Na ji ya ajiye cokali. "Har da mata?"

"Har da mata. Jikarka ma tana ɗaya."

Baba ya yi dariya, wata 'yar dariya ta yaro da ban san yana da ita ba. Ya ce, "To ashe itacen ya kama." Ya ja kwanonsa ya ci gaba.

Haka muka riƙa yi kullum. Matan bene suka saba, har in Hajja ta makara sai wata ta leƙo ta ce ba a kira tsoho ba yau? Ta sama da mu, wadda ta zagi Hajja, ita ce ta fara aiko da miyar mulukiyya. Samarin suka yi ƙiba, kowa ya ce albarkar Baba ce. Abincin rana ma muka mayar da shi falo, ba riga, don ya ce da rana ba a sawa. Hularsa ta dawo daidai kansa. Da muka koma asibiti likita ya duba, fara'arsa ta dawo, ya ce, "Tamam!" Ya tambayi me muka ba shi, Malam ya ce tuwo, ya bar sauran. Aka yi aiki, Allah Ya ba da sa'a.

Ranar da za a mayar da shi gida, ina durƙushe ina shirya masa jaka, yana zaune a bakin gado. Na ɗauko baƙar rigar ina ninkewa. Sai na ji ya ce, "'Yar nan, an ɓata miki abaya."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

Ya ce, "Wata rana ina sani, wata rana ba na sani. Ranar da na sani ma ba na faɗa." Ya kalli bango, irin kallon da suke yi shi da ɗansa. Ya ce, "Tun da na dawo daga makarantar nan ake girmama ni. A kawo abinci a ajiye a ja ƙofa. Hajiya ce kawai take zama tana min surutu. Da ta tafi, sai ni da kwano." Ya miƙo hannu na ba shi rigar, ya sa a jakarsa da kansa. Ya ce, "Wancan mai buga teburin, ki ce masa ya iya."

Ko a nan bai kira sunansa ba. Amma Malam na tsaye a bayan ƙofa, na ji numfashinsa.

Baba ya ƙara wasu shekaru a duniya. Malam ya kira gida ya kafa doka, ba a sake kai masa abinci ɗaki ba. A tsakar gida yake ci da jikoki, ƙaramarsu ce ke buga masa murfin tukunya. Su kuma samarin benenmu ba su bar abin ba, duk daren Juma'a sai sun haɗa tebura, sabon ɗalibi in ya sauka daga gida a can ake fara ciyar da shi, har muka baro ƙasar.

Abin da na koya, ni da ban yi zurfi a aji ba, shi ne ladabi ma yana iya zama ƙofar da muke ja wa mutum mu bar shi shi kaɗai. Mun durƙusa, mun sunkuyar da kai, mun yi duk abin da aka koya mana, tsoho kuma yana mutuwa a bayan ƙofa. Yanzu in na ji tsoho yana sambatu, ba na cewa rikicin tsufa ne in wuce. Faranti nake ɗaukowa in zauna kusa, don sau da yawa a cikin sambatun yake faɗin abin da yake bukata. Kuma har gobe, in na ji an buga ƙarfe a titi, sai na duba ko akwai wanda ke cin abinci shi kaɗai a gidana.